Ƙanwar da Yaya Ba Ta da Ita

A gidanmu mace ɗaya Allah ya bayar, kuma ita ce ta fari. Daga ita sai maza, ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kaina aka rufe ƙofa. Duk gidan Yaya muke ce mata, ni kuma ba ta taɓa kira na da wani suna ba sai Auta, har bayan na tara gemu.

Na zo Abuja a shekarun da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi tukunya da ludayi. Kuɗin mai sun yi yawa, wayar hannu ta shigo, filin da ka wuce da safe yana ciyawa kafin ka dawo an zagaye shi da katanga. Yaya ta ba ni ɗakin baya a gidanta na unguwar Gudu, ta yi magana da wanda ya yi magana da wani, aka ɗauke ni aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar tarayya. Aikin namu bai wuce a kira mu in takarda ta maƙale a firinta ba, ko in wani oga ya manta inda ake kunna injinsa. Sauran yinin ga sanyin iyakwandishan, ga intanet kyauta. Abokan aikina sun zaɓi gyangyaɗi da karanta jaridar jiya. Ni ban iya barcin zaune ba, sai na koya wa kaina gina shafin intanet don kada zaman ya kashe ni.

Abin da na fara ginawa dandali ne na 'yan garinmu mazauna Abuja, muna ce masa zaure. Can ake sanar da suna da ɗaurin aure da rasuwa, can ake neman wanda zai rage wa wani hanya zuwa gida da Sallah. Sai kuma gardama, wadda ita ce abincinmu. Manyan ma'aikata masu furfura sai su kwashe mako suna musu a kan wane mahauci ne ya fi iya kilishi a garinmu, kowa yana rubutu kamar yana amsa takardar tuhuma. Akwai wani dattijo da bai taɓa rubuta komai ba sai “an tashi lafiya” kowace safiya, in kuma ba a amsa masa ba ya kira ni a waya ya ce shafina ya lalace.

Yaya ba ta shiga zauren, shirme take ce masa. Ita mataimakiyar darakta ce a wata ma'aikatar, ta haura arba'in, ga mota ga direba, 'yan kwangila in sun ji takun takalminta sai su gyara hula. Ta yi aure sau ɗaya bayan ta gama jami'a, auren ya mutu ba faɗa ba haihuwa, daga nan sai jarrabawa da ƙarin girma. Maza suna zuwa falonta sosai, amma kowa da abin da ya riƙo: wannan takardun ƙanensa mai neman aiki, wancan yana so a sa masa baki a sauya masa wurin aiki. Duk bikin da aka yi a dangi ita ce uwar biki, ita ke fitar da anko, ita ke sallamar masu abinci. In ta dawo ta cire 'yan kunne sai ta zauna a falo, talabijin a kashe. Wata rana na shigo na same ta haka, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Auta, gidan nan ya yi shiru da yawa.” Daga haka ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Amma na san Yaya aure take so, kuma na san ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta faɗa.

Ba don ita na buɗe ɗakin neman aure a shafin ba, gaskiya. Na dai lura garin cike yake da gwauraye masu digiri da 'yan mata da zawarawa masu albashi, kowa na zaune a ɗakinsa yana cin taliyar leda shi kaɗai. Na yi aikin da kyau. Mutum zai shiga ya faɗi shekarunsa da sana'arsa da irin wanda yake so, in an dace su koma gefe su yi hira su biyu. Na sanar a zaure, na zauna ina jiran godiya.

Ba wanda ya shiga. Ina ganin masu leƙe daga wurina, suna zuwa suna komawa kamar kaji a bakin rumbu, amma ba mai sa ƙafa. Mutum ɗaya ne ya yi rajista, wani ustazu, ya rubuta mini cewa in ji tsoron Allah in rufe wannan ɓarna. A ƙarshen wa'azin ya tambaya ko akwai malaman asibiti mata a ciki.

Sai da na yi tunani na gane wautata. Na gina wa Turawa ɗaki na ce Hausawa su shiga. Yaushe Bahaushe ya taɓa tsayawa a bainar jama'a ya ce aure yake nema? A gida gwaggo ce ke zuwa ta gano, aboki ne ke kai saƙo, yaya ce ke tambaya, mai abin kuma yana gefe yana sosa ƙeya kamar ba shi ba. Sai na ƙara maɓalli ɗaya tak a bakin shiga, na rubuta a kai: wani nake nema wa.

Kafin mako ya zagayo ɗakin ya cika maƙil. Ban taɓa sanin garinmu na da masu taimakon al'umma haka ba. Kowane namiji yana da aboki mai kunya, kowace mace tana da ƙanwa mai ladabi. Wani da na sani sarai ya shigo nema wa amininsa, sai ga shi aminin nan tsayinsu ɗaya, matakin albashinsu ɗaya, har sanƙon ma iri ɗaya gare su. Ustazun nan ma ya dawo, wai wani ɗalibinsa ne ya matsa masa.

Wata Asabar da hantsi sai ga Yaya a ƙofar ɗakina, wurin da ba ta zuwa sai in ta zo faɗa a kan wanke-wanke. Ta tsaya ta dubi tarin wayoyi da kofunan shayi, ta yatsina fuska.

“Auta, wannan shirmen naka, ta ina ake shiga?”

“Wanne daga ciki, Yaya?”

“Na auren. Ƙanwata zan nema wa.”

Na juyo da kujera gaba ɗaya. “Yaya, wace ƙanwa? Ko Baba ya yi wani abu ne a ɓoye ba mu da labari?”

“Za ka buɗe, ko sai na kira maigadi ya fitar maka da kayanka?”

Na buɗe. Tana tsaye a kaina tana faɗa ina rubutawa. Ƙanwar tana son karatu, ba ta son hayaniya, ta iya miyar kuka, ba ta iya ɓoye magana ba in abu ya ɓata mata rai. Ma'aikaciyar gwamnati ce, amma ƙarama. Da muka zo wurin shekaru sai Yaya ta dubi silin.

“Sa ashirin da tara.”

“Yaya…”

“Na ce ƙanwata ce. Kai ka haife ta?”

Masu nema wa abokai sun yi ta zuwa, Yaya ta yi ta korar su kamar masu tallan da ba a kira ba. Ɗaya ne ya tsira. Wani mutum ne mai aikin binciken amfanin gona a Sheda, can bayan garin Abuja, wai shi ma abokinsa yake nema wa. Abokin ya haura hamsin, matarsa ta rasu da daɗewa, ba shi da surutu, kuma yana noma doya a bayan gidansa. Da na karanta na ce a raina, wannan abokin in aka tona ƙarƙashin hularsa za a ga mai rubutun. Yaya kuwa ba ta yarda ba. Ta ce mutumin da ke rubutu da waƙafi da aya daidai ba ya ƙarya.

Ba a jima ba ta sayi kwamfutar cinya, ita da ke cewa waɗannan abubuwa na sakatarori ne. Ban taɓa leƙa hirarsu ba, ko da yake mabuɗin komai na hannuna, domin ina son ɗakina na baya. Ba ma sai na leƙa ba, ita ke karanta mini da kanta muna karin kumallo. Duk hirar a bakin wasu ake yin ta. Ita ta rubuta cewa ƙanwarta ba ta son namiji mai cika baki. Shi ya amsa cewa an dace, abokinsa da tsirrai ya fi hira, su ma ɗin ba kullum suke amsawa ba. Sai ta tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe ta. Tun da na zo gidan ban taɓa jin irin wannan dariyar ba, kuma na ji daɗinta har cikin raina.

Da doya ta fito, sai ga wata tsohuwar a-kori-kura a ƙofar gida. Direban wani manomi ne maƙwabcin mutumin Sheda, ɗan asalin yankin. Ya sauke doya manya-manya ya tsaya yana share gumi.

“Oga ya ce a ba ƙanwa na Madam. Ina ƙanwa ɗin? Ya ce in gaishe shi da kyau.”

“Ta tafi kasuwa,” in ji ni.

“To ba wahala. Ka faɗa masa wannan doya ba a soya shi, sakwara ne kawai.”

Yaya ta sa aka daka sakwara, ta ci ta ƙoshi a madadin ƙanwarta. Ina wanke hannu na ce mata, “Yaya, ranar wanka fa ba a ɓoye cibiya.” Ta ce za ta faɗa masa, bari dai a gama aikin kasafin kuɗi. Aka gama, ta ce bayan azumi. Da na matsa sai ta ajiye cokali ta dube ni, ba faɗa a fuskarta ko kaɗan, ta ce, “In na faɗa, hirar ma zan rasa. Tsoro nake ji, Auta.” Ban taɓa jin Yaya ta ambaci tsoro ba sai ranar.

Bayan Sallah mutumin Sheda ya nemi izinin zuwa gaisuwa a madadin abokinsa. Ya zo a wata tsohuwar mota, dogo siriri, furfura ta cinye rabin kansa, takalminsa da jar ƙasar gona. Yaya ta tarbe shi a matsayin yayar yarinya, ta ce yarinyar an tura ta kwas Kaduna. Shi ma ya ba da haƙuri, wai abokin ciwon baya ya kwantar da shi. Ni ina zaune a gefe a matsayin namijin gida, ina kallon manya biyu masu digiri fiye da ɗaya suna yi wa juna jajen mutanen da babu su. Suka yi hira daga azahar har aka kira magariba. Ya ci tuwo ya ƙara. Abin da ya fi burge ni shi ne hannu biyu ya shigo, bai riƙo takardar kowa ba. Da zai tafi ya sunkuyar da kai ya ce, in Allah ya yarda manya za su je gida su gaida Baba.

A nan Yaya ta yi kuskuren ma'aikaciyar Abuja. A garin nan in mutum ya ce maka za mu zo, ko za mu duba, ko za ka ji daga gare mu, to ka je ka yi barcinka, ya sallame ka ne. Ita kanta ta faɗa wa ɗaruruwan mutane haka a ofis. Sai ta ce masa Allah ya kawo su lafiya, ta rufe ƙofa tana murmushi. Ba ta san mutumin da ya saba da shuka ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Wata Lahadi da rana wayata ta yi ƙara. Baba ne. Shi ba ya kiran Yaya kai tsaye, kunyar 'yar fari ba ta bari, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai “ita waccan”. Duk saƙonta ta wurina yake bi. Kuma yana magana a waya ne da ƙarfin nisan da ke tsakanin garinmu da Abuja.

“Auta! Ga wasu bayin Allah nan sun zo da goro, dattawan kirki. Wai sun zo nema wa ɗansu auren ƙanwar yayarku.”

Na miƙe tsaye da wayar a kunne.

“Na zauna na lissafa 'ya'yana kaf,” in ji Baba, “daga ita waccan duk maza ne, kai ne na ƙarshe. Ko kai suke nufi? In kai ne ka faɗa mini in yanka musu sadaki.”

“Baba, ɗansu suka ce, ko abokin ɗansu?”

“Wane irin aboki? Ana neman aure wa aboki da kawunnai? Ɗansu na cikinsu, mai aikin gona da farar riga a Sheda.”

Baba ya ba su fura, ya gaya musu gaskiya cewa 'yarsa ɗaya ce tal, kuma ta daɗe da wuce ashirin da tara. Dattawa suka kwashi goronsu da kunyarsu suka tafi. Ni kuma na tafi falo da gudu, har da ɗan murna, don a ganina an yi canjaras. Na ce, “Yaya, albishirinki! Shi ma babu wani aboki, shi ne da kansa. Kin yi ƙarya ya yi ƙarya, sai a tafa a wuce.”

Fuskarta ta yi haske na ɗan lokaci, sannan na ga hasken ya mutu. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

“Ba canjaras ba ne, Auta. Shi kansa kawai ya ɓoye, amma shekarunsa da furfurarsa duk ya faɗa. Ni shekaruna na ɓoye. Ya zauna a kujerar nan, ya gan ni da idonsa, ya ci tuwona, ya tashi ya aika a nemo masa wata.”

Labari bai kwana ba ya iso zaure, domin a garinmu goro ba ya shiga gida ya fito ba a sani ba. Masu abokai da masu ƙanne, waɗanda kowannensu ƙaryar nan yake yi, su ne suka fi kowa habaici. Wani ya tambaya ko an samu labarin yarinyar da ta ɓace a kwas. Na share rubuce-rubuce, na kori mutum biyu, ɗayansu babban sakatare ne, kuma har yau ban yi nadama ba.

Asabar ta gaba mutumin Sheda ya zo. Yaya ta fito ba hoda ba kwalli, da tabaranta na karatu da zanen da take girki da shi. Ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

“Malam, babu wata ƙanwa. Ni ce. Na haura arba'in, na taɓa aure, ban haihu ba, ina shan maganin hawan jini, kuma a ofis ba ƙarama ba ce.”

Ya ce, “Ni ma babu aboki.”

“Wannan na sani. Abin da nake so in ji, da ka tura kawunnanka, wa ka ce a nemo maka? Ita ko ni?”

Na roƙi Allah a zuciyata ya sa mutumin nan ya yi ƙarya ko sau ɗaya don alheri. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

“Ita,” ya ce. “Na yarda akwai ta. Na ɗauka halinku ɗaya tun da ke kika rene ta. Ke kuma na ga kin fi ƙarfina, ga mota ga direba, ni ga ni da taɓo. Sannan ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, ina son in ga ɗana kafin in mutu.”

Yaya ta gyaɗa kai. “To, Allah ya ba ka ita. In ka same ta ka gaishe ta, duk abin da ta iya ni na koya mata.” Ta tashi ta zuba masa abinci a kula ta ce in kai masa mota, domin baƙo ba ya fita gidanta da yunwa ko da ya kashe ta. Na kai, na dangwara masa a kujerar baya.

Kwamfutar cinya ta koma saman kabad. Dariya ta ɗauke. Yaya ta ci gaba da zuwa aiki, na ji an ce 'yan kwangila sun ga tashin hankali a wannan daminar. Ni kuwa haushi ya ishe ni. Ina jin haushin mutumin, ina jin haushin maɓallin da na ƙirƙira, ina jin haushin mu duka. Mu ne muka yi karatu har ƙasashen waje, muna tsayawa gaban minista mu kare kasafin kuɗi ba gargada, amma kalma uku, ina son ki, sai mun nemo kawu. An ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, mu kuwa da shi muke ado, mu ce kunya ce. Ɗakin auren ya ci gaba da cika, har aure biyu aka ɗaura ta dalilinsa, aka gayyace ni aka ba ni cinyar kaza. Ban ji daɗin kazar ba, don na san wadda ta fitar da ankon ɗayan bikin.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata ranar aiki da yamma na raka Yaya filin jirgi ɗauko saƙo, muna dawowa cunkoso ya riƙe mu a Lugbe, masu tallan rake da katin waya sun kewaye motar. Sai ga kiran Baba. Ko ban ƙara sauti ba duk motar na ji, har direba.

“Auta! Mutanen nan sun dawo. Goron ma ya fi na wancan karon. Na tambaye su, yau kuma wace ce? Suka ce babbar.”

Na dubi Yaya. Tana kallon taga kamar mai sha'awar rake.

“Na ce musu ita waccan ba a yi mata alkawari a bayan idonta,” in ji Baba. “Ta fi ni albashi, ta fi ni taurin kai. Tambayo ta, suna nan zaune.”

Na rufe bakin wayar da hannu. Ina jin Baba yana ta “halo, halo” a tafin hannuna.

“Ka ce wa Baba ya ba su haƙuri, su koma,” ta ce. “Ban ce a'a ba, ban ce e ba. Na gaji da 'yan aike. Zuwa da kai ya fi aike. In yana da baki ya zo da shi.”

Ya zo ranar Juma'a bayan masallaci, cikin babbar riga da guga ta ƙone ta a kafaɗa. Yaya ta ce in zauna. Shi ya ƙi zama, ya tsaya a tsakiyar falo kamar ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta.

“Hajiya, kawunnaina sun ce…”

“Ba da kawunnanka nake magana ba.”

Ya goge goshi. “An duba an ga ya dace…”

“Wa ya duba?”

Gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Har tausayi ya ba ni, ni da na rantse ba zan ƙara gaishe shi ba. Sai ya fara magana a hankali, idonsa a kan kafet. Ya ce bayan ya bar gidan nan gwaggonninsa sun nuna masa 'yan mata, na gaske masu rai. Ya je wurin ɗaya, ta durƙusa ta ce masa sannu da zuwa Baba, suka zauna ya rasa abin da zai ce mata. Ya ce kullum in wani abu ya faru a gona, ko ɓera ya yi ɓarna ko wani iri ya tsiro, sai ya ce a ransa bari in ba ta labari. In ya dubi wadda yake nufi a zuciyarsa sai ya ga tana da tabarau, tana kuma harararsa.

“'Ya'yan fa?” in ji Yaya. “In ba a samu ba?”

“Ina so har yanzu, ba zan ce ba na so ba. In Allah bai bayar ba sai mu zauna mu biyu. Na zauna ni kaɗai na ga yadda yake.”

“To, me ya kawo ka?”

Ya ɗago kai ya dube ta sosai, karo na farko tun da ya shigo.

“Ni nake son ki. Ina so ki aure ni.”

Yaya ta gyara zaman tabaranta.

“Auta, ka ji abin da ya ce?”

“Na ji, Yaya.”

“Ƙarya kake, kai da kunnenka ya toshe da waɗannan wayoyin. Malam, sake faɗa, yaron nan bai ji ba.”

Ya sake faɗa, wannan karon da ƙarfi. A lokacin na tuna cewa auren Yaya na farko ma ta bakin manya aka ƙulla shi, da yardarta, amma mijin har suka rabu ba na jin ya taɓa furta mata wannan magana. Mace ta haura arba'in, ta aurar da rabin dangi, sai yau wani ya tsaya a gabanta ya faɗa mata da bakinsa. Idona ya cika, na yi kamar ina duba waya.

“Tashi ka ba mu wuri,” in ji Yaya. “Kana zaune ka baza kunne kamar ba ka da aikin yi.”

Na fita na ja ƙofar, amma ban rufe ta duka ba. Ina tsaye a baranda ina neman takalmina na ji ta ta ce, a hankali, da wata murya da ban san tana da ita ba:

“Ni ma ban ji da kyau ba. Ƙara faɗa.”